Wayar da Shekarau Ya Binne

Ku gyara zama. Yau shari'a na kawo muku, ku ne alƙalan, sai ku saurara da kyau kafin kowa ya buɗe baki.

A wani gari can arewacin Sakkwato an yi wani mutum ana ce masa Shekarau, fataucin albasa yake yi. Yakan loda mota ya nufi Fatakwal, ya yi wata da watanni bai dawo ba. Matarsa Ladidi tun suna da ƙuruciya suke tare, 'ya'yansu uku duk sun yi aure: Tanimu, da Barau, da autarsu Asabe. Da waya ta shigo gari Shekarau ya sayi biyu, ya ba Ladidi ɗaya. Kullum in kasuwa ta lafa sai ya kira ta, ta ba shi labarin awakinta da na maƙwabta, shi kuma ya ba ta na ruwan saman kudu, har wayar ta yi zafi a kunnenta ta mayar ɗaya kunnen. Matan unguwa na yi mata tsiya, ita dai sai murmushi.

Ana nan Ladidi ta fara ciwon kai mai tsanani. Aka kai ta babban asibiti, aka ɗauki hoto, aka ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa, irin na daji. Jinya ta yi tsawo, dole Shekarau ya riƙa komawa kudu neman abin yin magani, Asabe na kula da ita. Da damina ta faɗi, Allah ya karɓi abarsa.

A zaman makoki wani baƙo, ba da mugun nufi ba, ya ce shi ya ji an ce wayoyin nan suna fitar da wani tururi da ido ba ya gani, yana ratsa kunne ya taɓa ƙwaƙwalwa, shi ke kawo irin wannan ciwo. Aka yi ta gyaɗa kai. Shekarau na zaune, ya ji komai. Da mutane suka watse, ya naɗe wayoyin biyu a tsumma, ya haƙa rami a gindin dalbejiya ya binne su. Abin da kawai ya ce shi ne, "Ashe ni na kashe ta." Daga ranar ya daina cin abinci, ya daina fita.

Tanimu, babban, shagon walda gare shi a birni. Ya rufe shagon ya dawo gida, ya shimfiɗa tabarmarsa kusa da ta mahaifinsa. Bai yi masa musu ba, bai yi masa wa'azi ba. Shi ke masa wanka, shi ke kama shi ya yi alwala. In an kawo kunu tsohon ya kawar da kai, sai Tanimu ya ture nasa kwanon ya ce, "Baba, in ba ka sha ba, ni ma na ƙoshi." Sai tausayin ɗan ya sa uban ya kurɓi ludayi ɗaya ko biyu. Da wannan kurɓin ran ya tsaya a jikinsa, amma kullum ƙara ramewa yake.

Barau, na biyu, direba ne, ba shi da haƙurin zama. Ya koma asibitin ya yi ta zarya har ya samu ganin likitan da ya duba mahaifiyarsu. Ya kawo amsa gida, uban ya ce lallashi ne kawai. Sai Barau ya sungumi tsohon kamar yaro, ya sa shi a mota, ya kai shi gaban likitan. Likitan dattijo ne, ya zaunar da shi, ya gaya masa cewa shi ya ga masu wannan ciwo tun waya ba ta zo ƙasar nan ba. Ya ce masana sun daɗe suna bin mutane masu yawan gaske, masu yawan yin waya da marasa yi, ba su ga shaidar cewa waya na kawo shi ba, kuma zafin da kunne ke ji ɗumin na'ura ne. Ya ce, "Malam, ba zan ce na san abin da ya kawo wa matarka ciwo ba. Amma ban ga dalilin da zai sa ka ɗora wa kanka ba." Shekarau ya yarda. A hanya ya ce wa Barau nauyin ya sauka, sai dai ko ba shi ya kashe ta ba, ta dai tafi, bai ga abin da ya rage masa ba.

Asabe kuwa a Maraɗi take aure, ta koma da tsohon ciki, yayyenta suka ɓoye mata halin da ake ciki. Da ta haihu ta ji labari, ba ta jira arba'in ba, ta goyo jaririn ta hau mota. Ta durƙusa gaban mahaifinta ta gaya masa abin da ita kaɗai ta gani. A ƙarshen jinya idon mahaifiyarsu ya rufe, wani lokaci ko ita Asabe ba ta ganewa, in ciwon ya motsa ba ya jin magani. Ta ce, "Amma Baba, da ka bugo na kara mata a kunne, sai jikinta ya saki. Ko ba ta iya amsawa tana ji, har barci ya ɗauke ta. Ta ce mini muryarka ce kaɗai ba ta ɓace mata ba."

Shekarau, wanda ko a maƙabarta bai zubar da hawaye ba, ya yi kuka har ya gode Allah. Sannan ya miƙa hannu aka ba shi jikansa. Da yamma ya ce a tuƙa masa tuwo, ya ci da hannunsa. Kafin a cire albasar bana ya koma kasuwa.

Ladidi ta bar zoben azurfa guda, 'ya'yan suka bar wa ubansu. Yanzu yana so ya ba wanda ya dawo da shi cikin mutane, ya rasa wa zai miƙa wa. Ba don Tanimu ba, da babu wanda za a kai gaban likita. Ba don Barau ba, da maganar Asabe ƙara masa ciwo za ta yi, tunda a ganinsa wayar da ta kara wa uwarta a kunne guba ce. Ba don Asabe ba, da ya wanku daga laifi amma ya bi matarsa.

To, ku da kuka ji, wa za a sa wa zoben nan a cikin ukun?