Rabin Buhun Taki a Tukunyar Lemon Baba

"Ke kika kashe ta!"

"Ni, Yaya? Wa ya juye mata rabin buhun taki?"

Akwai wasu 'yan'uwa mata biyu, Yaya da Auta, su ne ke wannan cacar baki a kan 'yar bishiyar lemo da ke cikin tukunya a barandarsu. Babansu ya shuka ta kafin ya rasu, kullum da safe sai Mama ta shafa ganyenta. Mama ta yi tafiya ta bar musu amanarta, jibi za ta dawo.

Yaya dai irin mutanen nan ne masu "ai na sani". Wai so take bishiya ta yi ƙiba. Ga shi ganye ya langaɓe, alhali ƙasa jiƙe take sharkaf.

Auta malamar kimiyya ce. Ta ce, "Yaya, takin zamani dangin gishiri ne. Fatar saiwa kamar rariya take. Ruwa ba ya jiran a tura shi, da kansa yake ratsawa zuwa inda gishiri ya fi yawa. Yanzu ƙasar ce ke zuƙe ruwan jikin bishiyar."

Yaya ta maƙale murya: "Fatar saiwa kamar rariya take! Sannu, Farfesa. Ni fa na goya ki. Yunwa take ji, ƙari zan yi mata."

Auta ta zauna daram a kan buhun. Da ma kokwamba take yankawa, sai ta barbaɗa wa yanka ɗaya gishiri ta ajiye. Kafin Yaya ta gama mita, ya tsatso ruwa ya yi laƙwas.

Yaya ta dubi kokwamba, ta dubi bishiya.

Sai ta ce, "Ina bokitin nan?"

Suka kwashe ƙasar sama, suka yi ta kwarara ruwa zalla yana tsiyaya ta gindin tukunya, har bayansu ya ƙage.

Ranar dawowar Mama, Auta ta leƙa da ido ɗaya. Ganye ya miƙe! Sai da ta jingina da bango don ajiyar zuciya.

Mama ta shafa ganyen ta ce, "Lafiya? Na ga wasu sun zube."

Yaya ta gyara ɗankwali. "Motsa jiki na sa ta yi, Mama. Ta kwanta, ta tashi."



Darasi: Ƙauna idan ta yi yawa ba sani, ƙona abu take yi. Saurari na ƙasa da kai kafin ka ƙara taki. Ku tura wa Yayar gidanku, amma kada ku ce ni na aiko ku.