Ɗan Gari Ba Ya Biya

Dalilin da ya sa kuke jin tsofaffinmu suna faɗin sunansu da ƙarfi a Gangaren Marke, alhali babu kowa a wurin sai awaki, ba ruɗewar tsufa ba ce, ku bar dariya.

A da, ta nan hanyar fatake ta bi. Sarkin gari ya sa aka gitta gora a gangaren, ya ajiye wani makaho, Baidu, yana karɓar kuɗin hanya. Baƙo ya biya wuri goma, ɗan gari kuwa ya faɗi sunansa ya wuce kyauta. Kunnen Baidu ba ya ɓata murya.

Murya ɗaya yake jira, ta ƙanensa Tanimu, wanda ya sayar da gonar gadonsu, ya bi fatake da alkawarin dawowa da jakuna. Shekara goma sha biyu shiru.

Wata ranar kasuwa wani ɗan dako ya zo, ya zuba masa wuri goma a hannu, bai ce uffan ba. Baidu ya ji tafiyarsa, yana jan ƙafar hagu kamar yadda Tanimu yake yi tun da ya faɗo daga kan marken nan suna yara. Ya gane kunya ce ta rufe bakin ƙanensa, don haka ya ɗaga gora kawai. Wurin kuwa ya ƙulle su daban a bakin zanensa.

Haka aka yi kasuwa bakwai. A ta takwas ya ji fatake suna cewa ayarinsu zai tashi zuwa Gwanja, da 'yan dakonsu duka. In Tanimu ya wuce yau, shi ke nan.

Da ɗan dakon ya zuba masa wurin, sai Baidu ya riƙe gora gam.

"Yau ba na karɓar kuɗi. Suna nake karɓa."

Jakuna suka taru a baya, fatake suna ta gunaguni.

Can wata murya ta ce, "Yaya, ban dawo da komai ba."

"Ban tambaye ka kaya ba. Wane ne?"

"Tanimu ne."

Baidu ya kwance ƙullin, ya juye masa wuri saba'in.

"Karɓi abinka. Ɗan gari ba ya biya."

Shi ya sa har yau, ko da yake gorar ta daɗe da ruɓewa, wanda ya dawo daga tafiya yakan tsaya a gangaren ya faɗi sunansa, don kada ya shiga gida kamar baƙo.