Dundunniyar Dokin Lado

'Ya'yana, gwaggona Hansai ce ta fara ba ni wannan labarin, Allah ya jiƙanta. A gabanta aka yi.

Akwai wani mai fataucin shanu a Wagini, Lado. Shekarar da aka fito da naira ya sayi wani jan doki mai takama, irin tafiyar nan da ko ƙwaryar nono ka ɗora a kai ba ta zuba.

Ya kai shi wurin Jinjiri maƙeri, mai yanke wa dawakin garin kofato.

"Baba, rage dundunniyar sosai, ka bar gaban da tsawo. So nake ya riƙa wurgo ƙafa, mutanen Batsari su tsaya kallo."

Jinjiri ya shafa ƙafar dokin ya ce, "Yaro, yadda wuyan ƙafa ya kwanta haka kofato ke kwanciya. In ka ci dundunniya, jijiyar baya ce za ta ɗauki nauyin."

"Tsufa ne ke damunka, Baba. Ko jakin ma ba ka da shi."

Lado ya koma gida ya yanke da kansa. Ba zan ɓoye muku ba, dokin ya yi kyau. Sati uku ana kallonsu.

Rannan da hantsi naƙuda ta tsaya wa matarsa Zuwairatu, jini ya ƙi tsayawa. Gwaggo ta ce masa, "Maza Batsari, ka zo da mota!"

Ya hau ya saki linzami. Suna shiga yashin rafi jijiyar ta tsinke, doki ya kife, bai sake tashi ba. Da ƙafa ya ƙarasa. Ko da motar ta iso bayan la'asar, an riga an rufe wa Zuwairatu fuska.

Lado bai sake hawa doki ba. Yakan zauna kusa da turken dokin, rana tsaka, ya ɗaga hannu ya ce, "Hansai, yi shiru. Ba ki ji ba? Ga shi nan tafe. Taku uku, babu na huɗun."

Gwaggo ta ce ita ba ta taɓa ji ba, amma ta daina bi ta wajen.

Ranar da ta gaya mini, cikina wata takwas. Washegari ban ko hura wuta ba, na kwance dokin babanku na ja shi da kaina har maƙerar Jinjiri, mata suna dariya. Na ce, "Baba, duba min duka huɗun."

Darasi: In mai sana'a ya ce maka kada, saurare shi, ko da ba shi da jaki. Abin da ka lalata don a kalle ka, shi za ka nema ranar da rai ke hannunka. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta.