Kifin Da Zubairu Ya Kawo Wa Baba

Akwai wani dattijo a unguwar Alsawra ta Omdurman, sunansa Mainasara. A Jabal Awliya ya shafe shekarunsa yana kamun kifi, har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Daga nan aka dawo da shi gidan 'yarsa Fatna.

Fatna kisra take yi, wainar dawar nan mai faɗi, tana sayarwa a bakin titi. Mijinta ya rasu. Da asuba tana gaban wuta, da rana tana wanke mahaifinta, ta juya shi, ta sauya masa shimfiɗa. Bayanta ciwo, idonta ja saboda hayaƙi.

Shi kuwa tsohon ya daina magana. Ba don harshen ya mutu ba, ransa ne ya mutu. Ya juya fuska bango, in an kawo abinci ya ci loma biyu ya ture.

Yayanta Zubairu ma'aikaci ne a Khartoum. Yana son uban, amma ba ya iya zama da majinyaci. Wata Juma'a ya zo da akwatin gilashi da injin hura wa ruwa iska, da ƙananan kifayen ado a leda, irin waɗanda ake kira gobi.

"Baba masunci ne," in ji shi. "In ya ga kifi zai ware."

Fatna ta dubi akwatin. "Yaya, wa zai kula da su?"

"Haba Fatna, ɗan abinci ne kawai za ki watsa musu. Wannan ma aiki ne?"

Ya sha shayi, ya tafi. Aiki ya ƙaru.

Bayan 'yan makonni sai cikin wata macen kifi ya kumbura, wani baƙin tabo ya fito mata kusa da wutsiya. Ta daina yawo, ta maƙale a kusurwa. Fatna ta ɗauka ciwo ne. Ashe irin wannan kifin ba ƙwai yake sakawa ba, haihuwa yake yi.

Wata rana ta dawo daga talla a gajiye, sai ta ji murya daga kan gado.

"Ta haihu."

Ta tsaya da faranti a hannu. An daɗe ba ta ji muryar nan ba.

"Ta haihu, kuma manyan sun cinye 'ya'yan," in ji Mainasara. "Har uwar ma ta ci. Ina kallo, ba ni da hannun da zan tsamo su."

Hawaye na bin gefen fuskarsa. Fatna ta leƙa, ta ga ɗa ɗaya tak ya ɓuya bayan dutse, ƙanƙani kamar ƙwayar shinkafa mai ido. Ta tsamo shi da kofi. Washegari shi ma ya mutu, don ta zuba masa ruwan famfo kai tsaye, maganin da ke cikin ruwan ya kashe shi.

Tsohon bai koma kallon bango ba. Sai umarni.

"Uwata," haka yake kiranta, "ki tara ruwa a bokiti ya kwana kafin ki zuba musu."

"Uwata, waccan ma ta kusa. Raba ta, amma a hankali, kada ta firgita ta zubar."

"Uwata, ki samo ciyawar ruwa. A kogi ma cikin ciyawa 'ya'ya suke ɓuya."

Ta sami tsohuwar roba ta mayar da ita ɗakin haihuwa. Da uwa ta gama haihuwa sai ta tsame ta da yankin gidan sauro, ta mayar da ita akwatin. 'Ya'yan kuwa bakinsu bai kai ya ci abincin manya ba, sai gwaiduwar ƙwai da aka murje, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. In ya yi yawa ruwan ya ɓaci.

Sai zafi ya shigo, aka fara ɗauke wuta yini guda. Injin iska ya tsaya, kifayen suka taso sama suna buɗe baki. Fatna za ta zauna tana ɗibar ruwan da kofi tana kwarara shi daga sama, hannu ya gaji ta sauya. Famfo ma ya ƙafe, sai ta ɗauko jarka daga wata unguwa.

Ran nan ta kasa. Ta ajiye kofin da ƙarfi.

"Baba, ni ma mutum ce! Wuta, talla, wanki, yanzu kuma kifi. Wallahi zan kai su kwata in huta."

Tsohon ya dube ta. Can ya ce, "Gaskiyarki. Zubar da su. Ni ne na yi miki yawa."

Ta fita tsakar gida ta yi kuka mai isarta. Ta wanke fuska, ta dawo, ta ɗauki kofin.

Da ta ɗaga kai, sai ta ga ya jawo farantin ƙwai da hannunsa mai lafiya, yana ƙoƙarin danna gwaiduwar da yatsun hannun da ya shanye. Yatsun na rawa, amma suna motsi.

"Wannan aikin nawa ne daga yau," in ji shi.

Haka aka yi. Don ya ciyar da su, sai ya zauna. Don ya zauna, sai ya ci abinci. Kafin damina ta wuce, yana jan ƙafa da sanda zuwa wajen robobin, waɗanda suka cika da kifaye masu wutsiya ja da shuɗi.

Da ƙaramar Sallah Zubairu ya zo da abokan aikinsa. Suka tarar da tsohon a zaune yana hira. Zubairu ya buga ƙirji.

"Kun gani? Dabarata ce. Ni na kawo masa kifin nan, da kuɗina, shi ne ya tashi."

Fatna ta ci gaba da zuba shayi.

Mainasara ya ce, "Zubairu, ka kawo, Allah ya yi maka albarka. Miƙo hannunka." Ya miƙo. "Uwata, ke ma kawo naki."

Ya haɗa hannayen biyu a cinyarsa. Ɗaya sumul. Ɗaya duk ƙuna da kanta, yatsun sun tsage saboda igiyar jarka.

"Kyauta yini ɗaya ce," in ji shi. "Wannan hannun kullum ne. Na yafe maka, amma ba ni kaɗai ka bari ba."

Baƙin suka sunkuyar da kai. Zubairu ya daɗe yana kallon hannun ƙanwarsa. "Malesh, ki yi haƙuri, Fatna," ya ce. "Ban duba ba."

Da baƙin suka tafi, ya tuɓe babbar rigarsa, ya naɗe wando, ya ɗauki jarkoki biyu ya fita. Daga ranar, Juma'a da Asabar shi ke yi wa uban wanka, shi ke ɗebo ruwa.

Ran Sallar nan, kafin ya dawo da ruwan, Fatna ta jingina da bango wai ta ɗan huta. Barci ya kwashe ta a zaune, butar shayi na gefenta. Da Zubairu ya turo ƙofa, sai tsohon ya ɗaga sandarsa.

"A hankali," ya ce. "Kada ka tashe ta."

Darasi: Alherin da ka ajiye ka tafi, wani ne yake ɗaukar nauyinsa. In akwai mai kula da majinyaci a gidanku da ya yi shiru yana haƙuri, kada ka jira ya faɗi kafin ka karɓe shi. Ku tura wa 'yan'uwanku wannan, musamman waɗanda suke nesa da gida.