Tambarin da Ya Yi Shiru Shekara Bakwai

A zamanin da, a wata daula can ƙasar Sin, akwai wani tambari a ƙofar fada da ake kira Tambarin Koke. Da fatar macijin kogi mai ƙaho aka rufe shi. Duk wanda aka zalunta ya zo ya buga, dole sarki ya fito ya saurare shi. Wanda ya taɓa tambarin da wuƙa kuwa, kansa ya tafi.

Shekara bakwai sarki bai ji ko tim ba. Daɗi ya kama shi, ya sa a yi shela za a yi biki, tunda babu sauran mai kuka a ƙasarsa. Waziri Deng Huwai, mai baki kamar zuma, ya ce ai adalcin sarki ne ya jawo.

Sai wata mai kiwon tsutsar siliki ta faɗa a kasuwa cewa tambarin ne bebe, ba mutane ba. Nan take Waziri ya sa aka kama ta, ya ce ranar biki, da rana tsaka, a yanke mata harshe.

'Yarta Lanyin, mai shekara goma sha shida, ba ta tsaya kuka ba. Ranar bikin ta kutsa cikin taro, ta ɗauki gula, ta zuba wa tambarin iya ƙarfinta. Shiru, kamar ta daki katifa. Ga inuwa tana ta gajarta, ga uwarta a ɗaure gaban hauni. Ta sake bugawa, ta kara kunne, sai ta gane cikinsa a cushe yake.

Ta zaro wuƙar da take yanka wa tsutsa ganye.

Waziri ya daka tsawa: "Ke yarinya! Kin san hukuncin abin da za ki yi?"

Ta ce, "Na sani. A sare ni, amma sai sarki ya ji tukuna."

Ta farke fatar. Auduga ta yi ta zubowa, ta Waziri ce, shi ya sa aka cusa. Ashe fatar macijin nan ba ta yar da bugu ko ɗaya ba, ajiyewa take yi. Bugun shekara bakwai ya fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da muryar mai shi: wanda Waziri ya ƙwace wa gona, wadda ya tura ɗanta aikin ganuwa bai dawo ba. Rufin fada ya yi ta girgiza.

Sarki ya fito ya zauna, kunya ta rufe shi. Dogarai suka ce Lanyin ta kai goshi ƙasa, ta ƙi.

Ta ce, "Ranka ya daɗe shekara dubu goma, a kwance uwata, sannan in durƙusa."

Aka kwance ta. Sarki ya yafe wa Lanyin, ya sa aka tuɓe wa Waziri hula da riga, aka wuce da shi kurkuku. Sannan ya miƙe zai shige gida, don kunnensa ya gaji.

Uwar Lanyin ta murza wuyan hannunta inda igiya ta ci, ta dube shi.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ina zuwa? Ni ma buguna huɗu ne a ciki, ba a ma zo kansu ba. Zauna."

Sarki ya koma ya zauna, kwana uku.