Audugar Aro a Silin Maikano

Maikano injiniya ne a Birmingham. Allah ya rufa masa asiri, amma hannun jarirai gare shi. Yana da wani tsohon gida a unguwar Lozells da yake son sa haya, sai dai doka ta ce sai da takardar EPC, wadda ke nuna yadda gida ke riƙe ɗumi. Gidan Maikano kuwa rariya ne, ya san ba zai haye ba.

Maimakon ya gyara, sai ya ari audugar riƙe ɗumi wurin wani magini, ya shimfiɗa ta a bakin ƙofar silin kawai, daidai inda mai dubawa zai leƙa. Mutumin ya zo a gaggauce, ya leƙa, ya ba gidan maki mai kyau. Yana fita Maikano ya naɗe kayan ya mayar.

Murja ce ta kama gidan, wata nas 'yar garinsu mai 'ya guda, Shifa, da ke fama da asma.

"Baba, gidan na da ɗumi kuwa? Saboda yarinyar."

"Ga certificate, ga ni. Zan cuce ki ne?"

Kunyar babba ta hana ta ƙara tambaya.

Da hunturu ya kama, hita na ci amma gidan kamar firji. Bango ya jiƙe, funfuna ta yi baƙi a ɗakin Shifa. Murja ta yi ta kira, shi kuwa marar tsoron Allah sai ya ce ta riƙa buɗe taga. Ranar da numfashin yarinyar ya sarƙe aka kwashe ta zuwa asibiti, Murja ta kai ƙara. Ma'aikacin council, wato hukumar gari, ya hau silin, ya tarar da katako tsirara.

Maikano ya je dubiya da ledar lemo, 'yan gari cike da baranda. Murja ta tare ƙofa.

"Council sun hau silin ɗin, Maikano. Baba na kira ka, na ba ka amanar numfashin 'yata. Leƙa ka gan ta da oxygen, tunda leƙe ka iya shirya wa mutane."

Ba wanda ya ba ta haƙuri. Ya juya da lemonsa, sallamarsa ma ba a amsa ba.

Darasi: takardar da aka samu da ha'inci ba ta ɗumama gida. Wanda ya yaudari mai dubawa, mai kwana a ɗakin ya zalunta, kuma alhakinsa ba zai bar shi ba.