Akwatin da Iliasu Ya Bari a Yendi

Yau kwana arba'in ke nan babu Malama Atikatu, matar yayana. Gidan ya yi shiru, babu mai gyara wa jikoki karatu da yamma. Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma wannan labarin na san shi, kuma ina so ku ma ku sani.

Akwai wani tela ɗan zangon Bawku, shi ne yayan nawa, sunansa Iliasu, wanda Allah ya haɗa shi aure da malamar makaranta, Atikatu. A Salaga suka fara zama. A shekarar 1987 aka sauya tsarin makarantu, aka kawo sababbin darussa, amma littattafai ba su iso ajinta ba. Malama da alli da allo kawai.

Ana cikin haka ta shiga karatun digiri na biyu a wata jami'a a kudu. Idan an yi hutu ta tafi, idan an koma ta dawo aji. Bincikenta a kan rijiyoyin Salaga ne da tsohuwar hanyar fataken goro. Takan zauna gaban tsofaffi ta rubuta abin da suka ce, goyo a bayanta.

Ga aji, ga yara uku, ga tukunya. Lokaci bai isa ba, sai ta haɗa biyu wuri ɗaya. Abin da ta jiyo wurin tsofaffi ranar Asabar, shi take rubuta wa ɗalibanta a allo ranar Litinin. Su kwafa, su maimaita da ƙarfi har ya zauna. Da aka mayar da ita Yendi ma haka ta ci gaba.

Iliasu bai hana ta ba, amma bai ɗauki abin da muhimmanci ba. Idan ya dawo ya tarar tana tuƙa tuwo da takarda a cinya, sai ya ce, "Madam, yau ma da miyar rijiya za mu ci?"

Ta ce, "Ka ci dai, Baban Salimatu. Ba ta da zurfi."

A watan Fabrairun 1994 rikici ya ɓarke a yankin. Atikatu tana kudu, ta kai wa malamin da ke duba aikinta babin farko. Iliasu ya sami wata lori mai zuwa Bawku, mutane sun cika ta har sama. Direba ya ce kowane gida akwati ɗaya.

Akwatunan ƙarfe biyu ne a ɗakinta. Ɗaya na atamfofin aurenta, ɗaya na takardu. Ya buɗe duka biyun ya duba. Shi tela ne, ya san darajar zane. Ya ɗauki na atamfa, ya rungumi kan keken ɗinkinsa, ya tura yaran gaba.

Bayan kwana tara Atikatu ta iso Bawku ta hanyar Walewale da Bolga. Ta rungume 'ya'yanta tana kuka. Sannan ta duba lungun ɗaki.

"Ina ɗaya akwatin?"

"Ɗaya aka yarda. Na ceto miki zannuwanki, ko ɗaya bai ɓata ba."

Ta dubi kan keken da ke kusa da tabarmarsa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ka ɗauko kayan aikinka, ka bar nawa."

Da hanya ta buɗe ya koma Yendi. Rufin ɗakin ya ƙone, ruwan sama ya ƙarasa sauran. Aikin shekara biyar ya zama baƙin kunu a gindin akwati. Tsofaffin da ta yi hira da su kuwa, da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Jami'a ta rubuto cewa ƙarshen Satumba ne wa'adinta, idan ba ta miƙa ba an cire sunanta.

Atikatu ta karɓi aji a wata makaranta a Bawku, ta daina zancen karatun. Tana dafa abinci, tana gaishe shi da ladabi. Wannan ladabin ya fi zagi yi masa ciwo.

Wata ranar kasuwa wata mata ta kawo masa ɗinki. Ta kalle shi ta ce, "Kai! Ba mijin Madam ba ne? Ni ce Abibatu, 'yar ajinta a Salaga. Ta gama littafin rijiyoyin?"

Ya sunkuyar da kai ya gaya mata abin da ya faru.

Ta ce, "To ai yana wurinmu. Madam ta sa mun rubuta paa, sosai da sosai, har yatsa ya kumbura. Nawa yana cikin kayana."

Washegari ta kawo wani tsohon littafin rubutu, bangonsa duk manja. Atikatu ta buɗe. Ga sunan tsoho, ga unguwarsa, ga ranar da ya yi maganar. Ta ce a hankali, "Wannan na zangon karatu ɗaya ne kawai. Kowace shekara abin da na ba su daban ne."

Iliasu ya ce, "Rubuta mini sunayen ɗaliban."

Ya rufe shago, ya ari rediyo mai kaset na ɗaukar murya, ya ɗauki buhu. Damina ce, mota ta kafe da su sau biyu kafin Gushegu. A Yendi ya bi gida gida. Ba ya karanta Turanci, don haka duk abin da aka miƙo masa sai ya jefa a buhu. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗana, har na lissafi?" Ya ce, "Mma, kawo. Ita za ta tace."

A Salaga aka nuna masa wani tsohon ɗalibinta mai gyaran keke, Fuseini. Ya ce nasa littafin ya ƙone tare da ɗakinsu. Iliasu ya juya zai tafi, sai Fuseini ya ce, "Maigida, tsaya. Kunna rediyonka."

Ya goge hannu a wando, ya miƙe tsaye, ya haɗa hannuwa a baya kamar yana gaban allo. Ya fara jero rijiyoyi, da wanda ya haƙa kowace, da ayarin da ke sauka a bakinta. Mai sayar da koko a gefe ta ajiye ludayi ta ce, "Ka tsallake ɗaya, mai ƙaton kai!" Ita ma 'yar ajin ce. Ta shigo, suka ci gaba tare, murya ɗaya. Kafin kaset ya juya sun zama su biyar a bakin titi.

Iliasu ya tsaya riƙe da rediyo. Shekara biyar yana yi wa aikin nan dariya a gidansa, ashe yana zaune a kawunan mutane.

Ya dawo Bawku bayan kwana ashirin da uku da buhu cike da kaset shida. Ya ajiye a gabanta ya ce, "Mman Salimatu, daga yau tukunya tawa ce."

Mako goma yana tuƙa tuwo mai gudaji, yara na ci suna ɓata fuska, maƙwabta na leƙe ta katanga. Ita kuma daga aji sai kan tabarma, tana sauraron kaset tana rubutu. Ba duka aka samu ba. Babi ɗaya ya tafi har abada. Amma saura kwana biyu wa'adi ya cika ta miƙa aikinta, kuma aka karɓa.

Da ta dawo da littafin ɗaure da baƙin bango, ta buɗe shafin godiya ta karanta masa. Sunaye sittin da ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, har da mai koko. Na ƙarshe nasa ne.

Ya ce, "Ni da na bar shi ya ƙone?"

Ta ce, "Kai da ka je ka ɗauko shi."

Darasi: Kada ka raina aikin da na kusa da kai yake wahala a kansa don kawai ba ka fahimce shi ba. Idan ka yi kuskure, kada ka tsaya a ban haƙuri, tashi ka gyara da ƙafarka. Ilimin da ka rufe a akwati wuta na iya cinye shi, wanda ka ba mutane yana nan. Ku tura wa duk mai fama da karatu da aiki da iyali.

Ina roƙon duk wanda ya karanta ya taya mu addu'a. Allah ya jiƙan Malama Atikatu, ya haskaka kabarinta, ya sa abin da ta koyar ya zame mata sadaka mai gudana, ya ba yayana Iliasu haƙurin rashinta. Ku ce amin.